Maganar da Tofazzal Bai Bari Jobeda Ta Ƙarasa Ba

Akwai wani saurayi a yankinmu na Rangpur, arewacin Bangladesh, mai suna Tofazzal Mridha. Ɗalibin makarantar mataimakan likita ne, saura sati uku ya zauna jarrabawar samun lasisi.

Allah ya ba shi kai. Ka tambaye shi kowane magani, kafin ka rufe baki ya kawo maka awonsa da illarsa. 'Yan ajinsu Farfesa suke ce masa, shi kuwa bai taɓa cewa su daina ba.

An tura shi koyon aiki wani ƙaramin asibiti, a hannun wata dattijuwar nas, Monowara. Ita komai nata a tsanake ne. Sai ta karanta sunan magani sau biyu, ta yi wa mara lafiya tambayoyi, sannan ta ɗauki allura.

"Apa, a haka ai sai la'asar ba mu gama da layin nan ba," in ji Tofazzal. Apa a wurinmu babbar yaya ke nan.

"La'asar ta yi mana, Farfesa. Kowa dai ya koma gida da ƙafafunsa."

Wata safiya a lokacin girbin shinkafa, asibiti ya cika har bakin ƙofa. Aka kira Monowara ɗakin haihuwa. Tana fita ta waiwayo ta ce, "Ka buɗe akwatin agajin gaggawa ka duba kafin ka taɓa kowa."

Tofazzal ya kalli akwatin, ya kalli layi. Jiya ai lafiya lau yake. Ya sa hannu a takarda cewa ya duba, bai ko ɗaga murfin ba.

Wajen ƙarfe goma wani manomi ya shigo yana ɗingishi, Joynal Bepari, matarsa Jobeda na riƙe da shi. Lauje ne ya yanke shi a ƙafa, ciwon ya yi ruwa. Likita ya rubuta masa allurar fenisilin.

Joynal mutum ne mai raha. Yana hawa gado ya ce wa Tofazzal, "Likita, a yi a hankali. Ni lauje bai ba ni tsoro ba, wannan ɗan tsinken ne matsalata."

Jobeda ta matso tana gyara mayafi. "Ɗana, akwai wata shekara da aka yi wa maigidan nan nawa, baban Shiuli, wata allura, sai leɓensa..."

"Khala, ke za ki yi masa ko ni?" Tofazzal ya katse ta. Khala a wurinmu inna ce, Chacha kuma baffa.

"A'a, ina dai so in ce..."

"Kowa ya zo da tarihinsa. Kin ga mutanen da ke waje? Chacha, juya."

Tofazzal ya san ƙa'ida sarai: a tambayi mara lafiya ko jikinsa ya taɓa ƙin wani magani, in an yi masa allura kuma a zaunar da shi rabin awa ana lura da shi. Ya sha rubuta wannan a gwaji yana cinye makin duka. Amma benci a cike yake.

"Ku je, Allah ya sauwaƙe. Na gaba!"

Ba a yi minti biyar ba ihu ya tashi daga bakin asibiti, wajen mai shayi. Tofazzal ya fita a guje. Ga Joynal a ƙasa, fuska ta kumbura har idanu sun rufe, numfashi na fita da ƙyar kamar ana shaƙe shi.

Kallo ɗaya ya gane abin da ya faru, ya kuma san maganinsa: allurar adirenalin a cinya, nan take. Ya koma ya fizgo akwatin ya buɗe. Gurbin adirenalin wayam. Masu aikin daren jiya sun yi amfani da ta ƙarshe, ba wanda ya mayar.

Ya ruga sito, a kulle. Kafin a nemo mai makulli, kafin Monowara ta iso da jinin haihuwa a hannunta, lokaci ya ƙure. Likita ya daɗe yana danna ƙirjin Joynal, daga ƙarshe ya ja zane ya rufe masa fuska.

Kwamitin bincike ya ajiye wa Tofazzal takardar nan mai sa hannunsa. Aka cire sunansa daga jerin masu jarrabawa, aka kore shi daga makaranta. Mahaifinsa, wanda ya riga ya gaya wa duk ƙauye cewa ɗansa ya kusa zama likita, ya daina zama a kasuwa don kunya.

Bayan wata huɗu Tofazzal ya nemi ƙauyen su Joynal. Ya tarar da Jobeda tana shanya shinkafar mutane a injin casa, aikin da ta koma yi. 'Yarta Shiuli ta bar makaranta tana taya ta.

Jobeda ta gane shi. Ba ta zage shi ba. Ta sa aka kawo masa ruwa, ya kasa sha.

"Abu ɗaya nake so ka gaya mini, ɗana, kai ne ka yi karatu," ta ce. "Kullum sai in ce laifina ne da ban ɗaga murya ba. Da na ƙarasa maganar nan, da yana raye?"

Ya so ya ce kwana ne ya ƙare. Bakinsa ya ƙi.

"Da yana raye, Khala. Kin faɗa. Ni ne ban saurara ba."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki tsintsiyarta ta koma cikin rana.

Darasi: Sanin littafi ba ya ceton rai in girman kai ya toshe kunne. Ka saurari mara lafiya da wanda ya rako shi har su dire magana, kada kuma ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Ku tura wa duk ɗalibin kiwon lafiya da kuka sani, tun kafin allura ta shiga hannunsa.