Masu Dubiyar Lahadi a Gidan Rut

Akwai wata mata a Mubi mai suna Rut, tana sayar da man gyaɗa a kasuwa. 'Yarta Anita, mai shekara goma sha biyar, da rami a zuciya aka haife ta. Tana shan maganinta, tana zuwa makaranta, aikin ƙarfi kawai likita ya hana ta.

Kowace Lahadi in an tashi daga coci, matan zumunta sukan biyo gidan dubiya. Rut tana jin daɗin haka. Ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da Anita a tsakiyarsu.

Shugabarsu Mama Margret ce ke farawa. Ta riƙe haɓa, ta karkata kai: "Kai, kai, kai! Yarinya ya rame. Haka ɗan ƙanwata a Vimtim ya fara. Yana cin masara a gona, fuuu, ya tafi!"

Wata ta karɓe: "Namu na Muchalla ma bai kai sha takwas ba."

Su yi addu'a, su sha kunu, su watse.

Anita ta fara rage magana. Ta daina cin abinci sosai, makaranta ma sai an yi da ita. Wata safiya Rut tana shara, ta ɗaga katifa, sai ga ƙwayoyin magani na kusan sati biyu.

A ranar ta kai ta asibiti.

Likita ya duba, ya ce an yi sa'a, amma barin magani haɗari ne babba. Wata nas mai suna Sumayyat ta ce, "Mama, ki ɗan ba mu wuri."

"Wuri? Ni na haife ta fa."

"Shi ya sa take jin nauyinki."

Da aka daɗe, nas ta fito da Anita, ta ce yarinyar ta yarda a faɗa. "Ta ce me zai sa ta sha magani, tunda duk Lahadi ana gaya mata shekarun da za ta mutu. Ciwon damuwa ne. Za mu haɗa ta da likitan da ke kula da irin wannan."

Rut ta zabura. "'Yata ba ta yi hauka ba!"

"Ba hauka ba ne, Mama. Tsoro ne ya yi mata yawa, kuma ana maganinsa."

Lahadi ta zo. Rut ta tsaya a bakin ƙofa, babu tabarma.

"Iyayena, sannunku da zuwa. Duk mai addu'a ta shigo. Amma daga yau ba a kawo labarin wanda ya mutu gidan nan."

Mama Margret ta gyara ɗankwali. "Rut! Ni kike tarewa? Ni da na yi wa yarinyan nan wankan farko?"

"Na sani, Mama, na gode. Amma yarinyar tana da kunne."

Mata huɗu suka juya tare da Mama Margret. An yi wata guda ana gaishe da Rut sama-sama a coci. Ta daure.

Duk bayan sati biyu tana raka Anita wurin likitan damuwa, ta zauna a benci a waje. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Akwai satin da Anita ta ƙi fita daga ɗaki. Amma ta koma shan magani a gaban uwarta, ta koma aji.

Wata Asabar Rut ta zauna yi mata kitso, sai Anita ta kauce. "Haba Mama! Wannan kitson tsofaffi ne. Kirsimeti na zuwa, ni wanda ake yayi nake so."

Rut ta ajiye mataji ta shiga kicin, wai za ta duba wuta. Can ta share hawaye. Yarinyar da ta fid da rai, yau ga ta tana rigima kan kitson Kirsimeti.

Darasi: Matashi mai ciwon zuciya yana buƙatar a kula da tunaninsa kamar yadda ake kula da jikinsa. In ka je dubiya, ka bar labarin mutuwa a waje. In ɗanka ya yi shiru, ya bar abinci ko magani, kai shi wurin masana, ba abin kunya ba ne. Ku tura wannan ga ƙungiyar da ta fi kowa zuwa dubiya a unguwarku.