Gyaran da Madam Oforiwaa Ta Ƙi Ji

Akwai wata malamar ɗinki a wata makarantar koyon sana'a ta Berekum, sunanta Madam Oforiwaa. Hannunta kam ba a magana, rabin telolin garin a wurinta suka koyi riƙe almakashi. Halinta ɗaya ne, ba a yi mata gyara. Ko gishiri ka ce ya yi yawa a miyarta, to ranar kun ɓata.

A makarantar akwai wata matashiyar malama, Boatemaa. A shagon Madam ta tashi. Ta yi shara, ta yi guga, har ranar da aka yaye ta, ta durƙusa a gaban jama'a Madam ta miƙa mata almakashi da tef ɗin awo. Madam ce ma ta sama mata koyarwar, sai dai aikin na wucin gadi ne, duk shekara ake sabuntawa. Da shi take riƙe da tsohuwarta da 'ya'yanta biyu.

Ana nan sai makarantar ta fito da sabon tsari. Kowane malami zai yi kwas ta intanet, wanda wata jami'a take ƙirga makinsa cikin karatun digiri. Tsofaffin ma'aikata irin su Madam, in ba su ci ba, ƙarin girma kawai za su rasa. Masu wucin gadi kuwa, ba maki, ba aji.

Karatu ya tafi daidai har aka zo aikin ƙarshe. An haɗa malamai bibbiyu. Kowa zai ɗauki bidiyon darasinsa, abokinsa ya kalla ya faɗi abin da ya kamata a gyara. In ɗaya bai yi ba, duka biyun sun rasa makin. Da yake sana'arsu ɗaya, sai aka haɗa Madam da Boatemaa.

Madam ta kalli bidiyon Boatemaa, ta zazzage mata gyara son ranta. Da aka zo nata kuwa, sai fuska ta canza.

"Ke za ki gyara mini koyarwa? Ke da na koya wa zura zare a allura? A ina kika taɓa ganin 'yar koyo ta duba ɗinkin uwar ɗakinta?"

"Madam, ba raini ba ne. Haka suka ce a yi."

"To su zo Berekum su gaya mini da bakinsu."

Bidiyon fa ta ɗauka, yana nan cikin wayarta, turawa ce ta ƙi. Boatemaa ta yi ta sintiri. Ta zo da safe, ta zo bayan an tashi, ran nan har dafaffiyar doya da miyar ganye ta kawo. Madam ta cinye tas, ta yaba miyar, ta mayar da kwano.

Shugaban makarantar, Mista Amankwah, ya ga lokaci na ƙurewa. A gaban Madam ya gaya wa Boatemaa cewa jami'ar za ta ba ta wata abokiyar aiki, in dai ta sanar da su cewa tata ta ƙi. Madam na jin haka hankalinta ya kwanta. Ta ce a ranta, ai ga ƙofa nan, yarinya ta fita mana. Ba ta sake tambaya ba.

Da aka dawo hutu, Madam ta leƙa ajin Boatemaa ta tarar da baƙuwar fuska. Ta wuce ofishin shugaban. Mista Amankwah ya shaida mata cewa Boatemaa ba ta sanar da kowa komai ba. Wa'adi ya wuce, maki bai fito ba, ba a sabunta aikinta ba.

Ranar Madam ta kasa koyarwa. Sai da ta yi ta cigiya kafin ta ji labarin Boatemaa ta koma kasuwar Techiman, ta ari gefen rumfar wani tana facin buhuna da tsofaffin kaya.

Can ta same ta, rana na dukan rabin jikinta. Boatemaa na hango ta ta miƙe, ta goge kujerarta da bakin zani ta tura mata.

"'Yata, me ya hana ki gaya musu?"

"In ce musu me, Madam? In kai ƙararki wurin baƙi? Ranar da kika ba ni almakashi, a gaban mutane na ce ba zan kunyata ki ba. Jira nake ki ce mini jeki nemi wata. Ba ki ce ba."

Madam ta buɗe jakarta. Ta ciro waya, ta nemo bidiyon nan, ta miƙa mata. Ta ce ta kalla, ta faɗi duk abin da ta gani.

Boatemaa ta kalla har ƙarshe, kanta a sunkuye.

"In kina yanka yadi, kina juya wa yara baya. Na can baya ba sa ganin hannunki. Ni ma da nake shago, na daɗe ban ga yadda kike yanka wuyan riga ba."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Madam."

"Shi ke nan?"

Abin da ta guje wa ji ke nan, maganar da ba ta kai minti ɗaya ba. Madam Oforiwaa, wadda ko a jana'izar mijinta ba a ga hawayenta ba, ta zauna a tsakiyar kasuwa tana kuka. Boatemaa ce ma take ba ta haƙuri.

Madam ta koma ta roƙi Mista Amankwah ya mayar da Boatemaa, amma an riga an ba wata gurbin. Yanzu in za ta yanka yadi, sai ta zagaya bayan tebur ta fuskanci yara. Duk garin an ce koyarwarta ta ƙara kyau, ita kuwa ba ta son jin wannan yabon.

Darasi: Girman kai ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba, sau da yawa wanda ya fi ganin girmanka shi ke kwana a ciki. In na ƙasa da kai ya zo da gyara, saurare shi tun sauraron yana da amfani. Ku tura wa malamai da iyayen gidan sana'a da kuka sani, wataƙila akwai wata Boatemaa da take jiran kalma ɗaya.