Kamfas ɗin Baba a Kabad ɗin Yaya

Yayanmu mutum ne mai son a ce ya fi kowa, kuma in ya sa abu a gaba ba ya jin kira. Aikinsa tara tsofaffin kayan tagulla na matuƙa jirgin ruwa da masu awon ƙasa, su kamfas na gane alƙibla da madubin hangen nesa. Ya cika kabad ɗin gilashi da su a falonsa, kowanne ya sha guga har yana kashe ido. Baƙo bai isa ya zauna ba sai ya zagaya ya yaba. A bayan idonsa Ƙyalƙyali muke ce masa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato kamfas ɗin Baba. Marigayi mahaifinmu safiyo ne, da shi ya yi awon filaye har ya tsufa. Tagullar ta yi baƙi, kuma a kan murfin Baba ya zana sunansa da tsinin ƙusa. Tun da idon Inna ya mutu, kamfas ɗin nan ne abokin hirarta. Takan ɗauko shi daga ƙarƙashin matashi, ta bi sunan da yatsa, ta yi wa mijinta addu'a.

Da abokan tara kayansa suka ce za su kawo masa ziyara, Yaya ya tasa Inna a gaba.

"Inna, aro ne kawai. Su gani in dawo miki da shi."

"To, amma kada ka taɓa jikinsa. Yadda babanku ya bar shi nake so."

"Haba Inna, sai ka ce yaro?"

Yana ajiye shi a kabad ya ga ya yi kamar tsohuwar tukunya a tsakiyar sababbin kwanuka. Wai kunya ta kama shi. Kunyar kayan ubansa fa! Ya shafa man guga, baƙin ya ƙi fita. Sai ya ɗauko ruwan batir da samfefa. Matarsa ta tuna masa gargaɗin Inna, ya ce mata, "Ke me kika sani a kan tagulla?" Ya dirje shi tas, har ya ga fuskarsa a murfin.

Abokan nasa ma ba su yaba ba. Babbansu ya juya kamfas ɗin ya ce, "Wa ya yi wannan ɗanyen aiki? Ai baƙin nan shi ne shekarunsa. Yanzu da shi da sabon kanti duk ɗaya."

Ina zaune a ɗakin Inna ya dawo da shi. Ta karɓa da murna, ta shafa murfin. Ta sake shafawa, ta juya bayansa, ta lalubi gefe. Sumul, babu ko harafi ɗaya. Ta miƙa masa ta ce, "Ka yi kuskure, ɗan nan, na wani ka ɗauko. Je ka kawo mini na babanku."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Mun yi mata bayani ta ƙi yarda, ta ce ɗanta ba zai yi mata haka ba. Duk ranar da ta ji sallamarsa sai ta miƙo hannu ta ce, "Ka zo da shi?"

Darasin da ke nan shi ne, abin da aka ba ka aro amana ne, ba ka da ikon gyara shi don ka burge baƙi. Kafin ka goge abin da kake gani datti ne, tambayi mai shi, domin wataƙila shi kaɗai ya rage masa, kuma nadamarka ba za ta dawo da shi ba.