Gizo Dillalin Ɗakuna da 'Yan Hayar Cikin Kyauta

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina masu ƙafa duk ƙura.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne!

To, Tanimu, cire yatsan nan daga baki tukuna, don da shi za mu fara.

A can bayan birni, inda kwalta ta ƙare kwata ta fara, akwai wata unguwa da ake kira Gindin Bola. Ɗakunan langa-langa ne a cunkushe, in wani ya yi tari a ɗakinsa, maƙwabci ne ke yi masa sannu. A wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu akwai wata mai sayar da ɗanwake, sunanta Barmani. Shekara tara tana neman haihuwa kafin Allah ya ba ta 'ya guda, ta sa mata suna Kyauta. Uban yarinyar ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka duk duniyar Barmani Kyauta ce.

Ruwa a unguwar nan sai an saya wajen 'yan garuwa, shi ya sa gidan ke da wata al'ada. In za a ci abinci, kwano ɗaya ake cikawa a dire a tsakar gida. Baba Shekarau, dattijon gidan, shi ke fara tsoma hannu, sai maza, sai mata, yara a ƙarshe. Kafin layi ya iso kan Kyauta, ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Kowa na ganin ladabi ne da tattali.

Ana nan, ana nan, sai Kyauta ta fara wani irin ciwo. Ta ci, ta ƙara, ta suɗe kwano, amma ƙafafu sai sirancewa suke, ciki na ƙara tudu. Idanunta suka yi fari fat. Har ƙasar jikin bango take ɓantara tana tsotsa. Yarinyar da ke gaba a wasan 'yar gala-gala, yanzu ko tashi ba ta son yi. Tsoro ya kama Barmani ƙwarai.

Sai ga Gizo ya sauko daga lungun rufi. Shi ne dillalin ɗakuna a unguwar, ba mai samun wurin kwana sai ta hannunsa. Ya ƙwanƙwasa cikin yarinyar, ya girgiza kai, ya ce da tsamin bakin nan nasa, "Baymani, iska ce. Kullum ki kai mata akushin ɗanwake bayan katanga, kada ki waiwaya."

Ranar farko ta kai da mai da yaji. Akushi ya dawo tas, Kyauta ba sauƙi. Gizo ya ce, "Iska na son ƙwai." Rana ta biyu ta sa ƙwai. Akushi ya dawo tas, Kyauta ba sauƙi. Gizo ya ce, "Iska na son nama." Rana ta uku Barmani ta yanka zakaranta guda ɗaya tal. Akushi ya dawo tas, Kyauta ko kai ba ta iya ɗagawa.

Da hantsi Barmani ta je zubar da shara, ta tsuguna a gefen bola tana kuka. Wata tsohuwar kaza da ke tono ta ɗago kai.

"Mai ɗanwake, kin yanka mijina a banza, amma ban riƙe ki ba. Kukan me kike?"

"'Yata ce za ta tafi ta bar ni."

"Ku mutane idanunku manya ne, amma ba ku ganin ƙanana. Ungo idona ɗaya, je ki duba hannunta."

Barmani ta koma gida, ta kara idon kaza a nata, ta kama hannun Kyauta ta leƙa ƙarƙashin farce. Jama'a! Wannan ɗan baƙin dattin da ba ta taɓa ɗauka a bakin komai ba, ashe zango ne guda. Ƙwayaye ne birjik, dubbai a kan dubbai, kowanne na sheƙi, kowanne da ɗan abu naɗe a ciki yana motsi. Ta dubi ƙasar tsakar gida inda yara ke tsugunawa, ta ga ayari yana tafe ba iyaka. Ta dubi kwanon wanke hannu, ta ga tafki cike da matafiya, sun taru a bakin gaɓa suna jiran hannun da zai ƙetarar da su. Ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci abin da ake gani da wanda ba a gani!"

Ta fito a ruɗe, ta ci karo da jakin masu ɗebo yashi.

"Mai ɗanwake, kin gani, amma kin ji?"

"Ban ji ba."

"Ungo kunnena ɗaya, je ki kara a cikinta."

Ta kara kunnen jaki a cikin Kyauta. Me za ta ji? Gari guda! Ga daka, ga guɗa, ga kiɗan suna. Sai wata murya mai sanyi ta ce, "A yi shiru, tuwo na saukowa. Manya su ɗiba, yara su ɗiba. Abin da ya rage a bar wa mai gidan."

Wata ƙaramar murya ta ce, "Sarauniyar Tsutsotsi, ai ba ya ragewa."

"Ba ruwanmu. Gizo ne ya kama mana ɗakin nan, shi da na sauran yaran gidan, la'adarsa kuwa yana cin ta a bayan katanga. Muddin ana tsoma hannu a kwanon nan, danginmu ba su rasa hanya."

Barmani ta yi zaman dirshan. Mamaki ya hana ta fushi, fushi ya hana ta kuka. Ashe shekara guda tana tuƙa tuwo tana ciyar da mutanen da ba ta taɓa gaisawa da su ba.

A kan katanga akwai wata kyanwa tana lasar hannu.

"Mai ɗanwake, kin gani, kin ji. Saura ki yi."

"Me zan yi, Kyanwa?"

"Na ciki, malamar asibitin unguwa tana da 'yar ƙwayar da ke tashinsu. Amma in kin kore su kin bar ƙofa a buɗe, Gizo zai kawo sababbi. Dube ni. Kin taɓa ganin na yi bayan gida ban rufe ba? Kin taɓa ganin na wanke hannu a ruwan da wata kyanwa ta wanke? Ruwan da ya zubo ya wuce, shi ke tafiya da su. Wanda ya zauna, ajiye su yake."

Barmani ta goya Kyauta sai asibiti. Malama ta duba idon yarinyar, ta taɓa cikinta, ta ba ta ƙwaya ta tauna, ta ce a kawo sauran yaran gidan ma. Kashegari aka ga abin al'ajabi, tsutsotsi birjik a cikin fon Kyauta. Mata suka riƙe baki, wata har ta zubar da tsintsiya ta gudu. Aka juye su a masai aka rufe.

Saura ƙofa. Da azahar aka dire kwano a tsakar gida, Baba Shekarau ya naɗe hannun riga. Barmani ta durƙusa a gabansa riƙe da buta da guntun sabulu.

"Baba, a yi mini aikin gafara. Yau a bari in zuba muku."

"Ke Barmani, tun ba a haife ki ba a kwanon nan muke wankewa. Ke ce za ki koya mana?"

"Ban isa ba, Baba."

"To ruwan fa? Kogi gare ki?"

"Abin da kwano ke ci, shi buta za ta ci, in an zuba kaɗan-kaɗan."

"Na ce a'a!"

Sai ta miƙa masa idon kaza. "Baba, duba sau ɗaya. In ka ce a ci gaba, ba zan ƙara magana ba."

Tsoho ya kara ido ya leƙa kwano. Ya daɗe bai ɗago ba. Ya yi salati har sau uku. Can ya ce a hankali, "Ashe abin da muke bar wa 'ya'yanmu ke nan, muna kiransa ladabi." Ya miƙa hannu biyu. "Zuba, 'yata. Kuma daga yau yara za su fara."

Aka ture kwano gefe da ruwansa. Matafiyan nan na ciki suna ta jira, ba hannu, ba hanya.

Can sai ga Gizo da yunwa, don kwana biyu bai ga akushi ba. "Baymani, iska ta yi fushi!"

"Ai iska ta ce yau a ba ka ka ci a madadinta, Malam Gizo. Ga ɗanwake, ga buta da sabulu."

"Buta? Ina zan tsaya jiyan buta, ni mai hannu takwas!"

Ya faɗa wa kwanon nan, ya tsoma hannaye takwas gaba ɗaya, ya hau loma, ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Bai kai lungun rufi ba ya ji murya daga cikinsa: "Salamu alaikum, dillali. Ka ci la'ada, ka bar mu a waje. To, wannan ɗakin ya yi mana."

Gizo ya yi tsalle, ya yi birgima, ya yi magiya. 'Yan haya ko gezau.

Kyauta kuwa, kafin wata uku kumatu sun dawo. Ranar da Barmani ta jiyo muryarta a waje tana gardamar wasa da ƙawaye, sai ta ajiye muciya, ta zauna a bakin murhu ta yi kukan daɗi. Ta mayar wa kaza idonta, ta mayar wa jaki kunnensa, kyanwa kuma ta samu kan kifi.

Shi ya sa har gobe in kun ga gizo, za ku gan shi da ƙaton ciki da 'yan ƙafafu sirara. 'Yan hayarsa ba su tashi ba.

To, kun ji. Abin da ido bai gani ba yana nan da ransa, kuma al'adar da ke cutar da yaro, ko ta kakanni ce, a sake ta. Ku yanke farce, ku sa takalmi, ku wanke hannu da ruwan da ke zubowa.

Ƙungurus kan kusu! Kusun ma sai da ya wanke hannu na ba shi kansa. Tanimu, ɗauko buta.