Kwamfuta a Bakin Tukunyar Kunu

Masu ba da labarin nan sukan ɗora wautar duka a kan hukumar agajin ƙasar waje. Wannan son kai ne. Matanmu na Rafin Ƙanya injin niƙa suka roƙa, aka kawo musu kwamfutocin tafi-da-gidanka, suka karɓa da guɗa, ba wadda ta buɗe baki ta ce garin ba lantarki.

Da shekara ta zagayo, jami'in hukumar, Malam Ɗanjuma, ya iske shugabar matan, Inna Tabawa.

"Inna, sharaɗi ɗaya ne. Ku aiko mana da shaida ta cikin kwamfutar cewa kuna amfani da ita, in ba haka ba, babu inji."

Kwamfutarta kuwa tana can ta rufe tukunyar kunu da ita. Amma ta dake.

"Ɗan nan, wa ya gaya wa manyanka kwamfuta muke bukata?"

"Ni ne."

"Ka kuma ce musu suna aiki?"

"Tun bara."

"Madalla. In suna aiki, maganarka ta isa shaida, sai ka kawo inji. In kuwa ba sa yi, haɗa ni da manyan naka a waya, in faɗa musu da bakina."

"Suna aiki, Inna."

"Ƙwarai kuwa. Tawa ba ta taɓa barin ƙuda ya faɗa kunu ba."

Injin ya iso kafin kaka.

In an miƙo muku kyauta, ku tambayi abin da take ci kafin ku rangaɗa guɗa.