Alkakin Lungun Zuma

Ga ta nan, ga ta nanku, da zafinta kamar yanzu aka tsamo ta daga mai.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso. Kai Ɗanlami, cire hannunka daga kwanon nan, ina ganinka.

Wata tsohuwa ce, ana ce mata Tasalla. Tana da 'ya'ya maza biyu, Sambo da Tanko, da jika ɗaya mace, Kyauta. Rannan tsohuwa ta kwanta ciwo, ta rufe baki. Aka kawo tuwo, ta ƙi. Aka kawo kunu, ta ƙi. Aka kawo farfesu, ta juya fuska bango.

Ta ce, "Ni alkakin Lungun Zuma nake so, na cikin tsohon birni, wanda na ci ina yarinya. In babu shi, ku fara neman likkafani."

To Lungun Zuma kowa ya san labarinsa. Masu abinci a can, wasu mutane ne, wasu ba mutane ba ne, kuma duk zani iri ɗaya suke ɗaurawa.

Sambo ya ce shi zai je. Sambo mutum ne mai ƙyanƙyami, ko tabarma sai ya kakkaɓe sau uku kafin ya zauna. Ya shiga ta ƙofar birni. Ya wuce mai waina, ya ce hayaƙi. Ya wuce mai gurasa, ya ce ƙura. Ya wuce mai ɗanwake, ya toshe hanci. Sai ga wata mace a bakin lungu da farantin alkaki fes, yana ƙyalli, ko ƙuda ɗaya bai sauka a kai ba.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Kada ka ƙarasa ciki, waɗancan ba mutane ba ne. Ungo, ɗanɗana."

Ya gutsura, ya tauna. Ya buɗe baki zai ce da daɗi, sai aka ji "meee". Ya zama bunsuru.

Washegari Tanko ya ce shi zai je. Shi kuma son gyara ne ciwonsa, ko allura ya saya sai ya ce a ƙara masa zare. Mai faranti fes ta kira shi, ya ce, "Akwai gyara?" Ta ce babu, ya yi gaba. A tsakiyar lungu sai ga wata, alkaki ya yi mata tsibi har ya rufe fuskarta.

Ta ce, "Allah ya tsare ka, ɗan'uwa, waccan ta baya aljana ce. Sayi ɗaya in yi maka gyaran goma. Ungo, ɗanɗana."

Ya gutsura, ya tauna. Ya buɗe baki zai ce a ƙara, sai aka ji "meee".

Rana ta uku Kyauta ta ƙulle kuɗi a bakin zani. Tsohuwa ta buɗe ido ɗaya, da ƙyar murya ke fita.

Ta ce, "Ke 'yar ficiciya, masu gemu sun tafi ba su dawo ba, sai ke?"

Kyauta ta ce, "Ke dai Kaka riƙe ranki zuwa la'asar. In kika mutu ni zan cinye."

A ƙofar birni ta tarar da layin kiyashi sun tsallaka hanya. Ta tsaya, ta ɗaga ƙafa, ta ƙetare su a hankali.

Babbar kiyashi ta ce, "Wannan ba ta taka mu ba. Me take nema a wurinmu?"

Kyauta ta ce, "Ku da kuke yawo ko'ina, wace ce mutum a lungun nan?"

Kiyashi ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Ina muka sani ko ke ma tasu ce? Ba ma faɗa. Mu dai hanyarmu ɗaya da ke, shi ke nan."

Kyauta ta tafi, suna biye. Ta wuce mai waina, ta gaishe ta. Ta wuce mai dakuwa da kantu, ta haɗiye yawu. Mai faranti fes ta kira ta.

"Zo 'yata. Kada ki ƙarasa ciki, waɗancan ba mutane ba ne. Ungo, ɗanɗana."

Kyauta ta karɓa, ta kai baki, ta saki, kamar suɓucewa ya yi. Kiyashi suka zo, suka shinshina, suka rabu biyu, suka kewaye shi, suka wuce.

Kyauta ta ce, "Ayya Inna, hannuna ne da santsi. Bari in dawo."

Mai tsibi ta kira ta. "Allah ya tsare ki, waccan aljana ce. Sayi ɗaya in yi miki gyaran goma. Ungo, ɗanɗana."

Ta karɓa, ta kai baki, ta saki. Kiyashi suka zo, suka shinshina, suka rabu biyu, suka kewaye shi, suka wuce.

"Ayya Inna, yau hannun nan. Bari in dawo."

Can ƙarshen lungu, a wani zaure da ya karkace, sai ta ji gunjin ƙudan zuma. Wata tsohuwa na zaune da baƙin faranti da mafici, fuska a murtuke.

Tsohuwa ta ce, "Tsaya daga nan. Ɗaga zaninki in ga ƙafa. Jiya ma wata ta zo min da kofato."

Kyauta ta ce, "Ke ma ɗaga naki, Iya."

Suka ɗaga tare. Wannan faso, waccan faso, duk dunduniya ta tsattsage.

Tsohuwa ta ce, "Hm. Me kike so?"

"A ba ni in ɗanɗana."

"Ba na ba da ɗanɗano. Ba na gyara. In za ki saya ki saya."

Kyauta ta duba ƙasa. Ashe kiyashi tuni sun ja layi sun haye faranti. Tsohuwa ta hau kai musu mafici tana cewa, "Shekara sittin nake yaƙi da 'yan banzan nan."

Kyauta ta kwance bakin zani, ta sayi uku. Ta ce, "Burbushin gefen nan fa, Iya?"

"Kwashe, kin rage min aiki."

Da Kyauta za ta fita, babbar kiyashi ta leƙo da baki cike. Ta ce, "Ashe mutum ce. To ji. Kawunnanki na gindin ganuwa cikin awaki. Burbushin na gaskiya shi ke mai da su."

Kyauta ta je gindin ganuwa, ga awaki sun fi hamsin, burbushi kuwa bai fi na baki biyu ba. Ta tsaya tana kallo. Sai ta ga wani bunsuru yana share ƙasa da kofato, sau uku, kafin ya kwanta. Ta ce, "Kawu Sambo." Ta ba shi, ya miƙe mutum yana kakkaɓe riga. Ta ɗaga ragowar sama. Duk awaki suka zuba ido, amma ɗaya ba burbushin yake kallo ba, ƙunshin hannunta na hagu yake leƙe. Ta ce, "Kawu Tanko, babu gyara." Ta ba shi, ya miƙe.

Kafin la'asar suna gida. Tasalla ta shinshina, ta gutsura, ta tauna da dasashi.

Ta ce, "Zumar ta ragu. Na da ya fi."

Ta cinye ukun tas, ta lashe yatsu, ta ce a ɗora tuwo.

Sauran awakin kuwa suna nan har yau a gindin ganuwa, suna harara duk wanda ya wuce da faranti. Ɗanlami, taku akuyar a ina ma kuka sayo ta?

To kun ji. Mai sayarwar da ta fara da ɓata maƙwabciyarta, ku dubi farantinta da kyau, kuma abin da kiyashi ya kewaye kada ku kai shi baki.

Ƙurunƙus kan ɗan bunsuru. In ƙarya na yi, ku je ku tambayi kiyashi, in sun yarda da ku.