Tunau Maƙeri da Wuƙar Mai Hannu Ɗaya

An yi wani mutum a wani gari na bakin gulbi, tun zamanin da ba a san wuƙar kanti ba, sai abin da maƙeri ya ƙera. Sunansa Tunau. Maƙeri ne, amma ba ya cikin manyan maƙeran garin. 'Yar rumfarsa tana can ƙarshen kasuwa kusa da masu gawayi, aikinsa gyaran fartanya da lauje da ƙugiyar masunta. Abu ɗaya aka san shi da shi: tambaya. Bawan Allahn nan in ka kawo masa lauje, sai ya tambaye ka da wane hannu kake yanka, wace irin ciyawa, a tsugune ko a sunkuye. Har ana cewa in kana sauri kada ka bi ta wurin Tunau.

To, ku saurara.

Wata rana wani masunci mai suna Jatau ya zo rumfarsa. Jatau hannu ɗaya gare shi, na dama. Na hagun kada ne ya cire masa shekaru biyar baya, amma bai bar sana'ar kamun kifi ba, don da ita yake ciyar da iyalinsa da tsohuwarsa.

Ya yi sallama ya zauna, ya ce, "Tunau, wuƙa nake so, amma ban san ko akwai irinta a duniya ba. Na je wurin manyan maƙera uku, kowa ya ce in haƙura."

Tunau ya ajiye masabarsa ya ce, "Faɗa mini in ji."

Jatau ya ce, "Shekaranjiya komar kamun kifi ta naɗe mini ƙafa ta ja ni ruwa. Wuƙata tana cikin kube, kuben ya jiƙe ya riƙe ta gam. Mai hannu biyu sai ya kama kube da ɗaya, ya zaro da ɗaya. Ni da me zan kama? Ba don wani ya kawo jirgi kusa ba, da yanzu zaman makokina ake yi. In kuma na bar ta tsirara a cikin jirgi, dubi abin da take yi mini." Ya ja wandonsa sama, ga tabo uku a cinya. "Ina son wadda za ta naɗe kaifinta ta ɓoye, kamar askar wanzami. In rataya ta a wuya, in buɗe da hannu ɗaya."

Idon Tunau ya kawo haske. Ya ce, "Miƙo hannun." Ya auna tafinsa da zare, ya auna babban yatsa, ya ce ya dawo bayan mako.

Ya samo ƙahon bijimi, ya feƙe shi ya zama ƙota, ya tsaga masa hanya a ciki inda kaifi zai kwanta. Ya ƙera ruwan wuƙa, tsawonsa bai kai taƙi ba. Ya haɗa su da ƙusar tagulla don kada ruwa ya sa ta yi tsatsa. A gindin ruwan wuƙar ya bar wata 'yar wutsiya: in ka danna ta da babban yatsa, sai wuƙa ta miƙe, wutsiyar ta kwanta a bayan ƙotar. Jatau ya gwada, ya yi dariya, ya tafi da murna.

Kwana huɗu, jama'a, kwana huɗu kacal. Yana cikin yankan igiya, yatsansa ya zame daga kan wutsiyar, wuƙa ta naɗo ta kama masa manuniya, saura kaɗan ta kai ƙashi. Mutum mai hannu ɗaya! Kwana ashirin bai shiga ruwa ba.

Tunau ya je har gida ya ba shi haƙuri, ya karɓo wuƙar. Ya doke ƙusar ta matse. Yanzu ba ta naɗowa, amma kuma ba ta buɗewa sai an sa haƙori. In ya sassauta ta yi yanka, in ya matse ta ƙi buɗewa. In ya sassauta, in ya matse, haka ya yi ta fama.

Sai ya ce a ransa, ni da hannu biyu nake tunani, shi ya sa. Ya sa matarsa ta ɗaure masa hannun hagu a baya da igiya. Kwana bakwai yana yawo haka. Da hannu ɗaya yake cin tuwo, da hannu ɗaya yake ɗaure wando. Har jirgi ya shiga, shi da bai iya iyo ba, don ya ji yadda ƙaho yake santsi in ya jiƙe. Mutanen kasuwa suka yi ta dariya, suna cewa tambaya ta kai Tunau ga taɓuwa. Ya dawo ya yi wa ƙotar zane-zane masu zurfi don kada ta zame, ya huda mata gindi don igiyar rataya. Amma abin da zai hana wuƙa naɗowa, shiru.

Ran nan da rana tsaka, ba ranar kasuwa ba ce, ba kowa a wurin, sai ga wata tsohuwa da sanda. Iya Tabawa ce, mahaifiyar Jatau. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Kai ne kake neman ƙarasa wa ɗana hannun da ya rage masa?"

Tunau ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Ni ne, Iya. Laifina ne. Ga ta nan, ta gagare ni."

Ta karɓa ta juya, ta buɗe, ta rufe. Faɗan ya fita daga ranta, mamaki ya shiga. Ta ce, "Ikon Allah. To me ke sa ta komawa?"

Ya nuna mata, ya ce, "Wannan wutsiyar, in an buɗe, a nan take kwanciya. Muddin yatsa yana kanta, lafiya lau. Da ya zame, shi ke nan."

Tsohuwa ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka taɓa shara ba? Mu in tsintsiya ta saki, ɗaurinta muke turawa sama ta matse." Ta sunkuya ta tsinci ɗan zaren kaba a ƙasa, ta ƙulla shi ya zagaye ƙotar, ta tura shi da yatsa ya hau kan wutsiyar. Ta ce, "Danna mu gani."

Ya danna. Wuƙa ta ƙi naɗowa. Ya ƙara dannawa da ƙarfi. Ta ƙi.

Tunau ya ƙura wa zaren kabar ido. Kafin ya dawo hayyacinsa tsohuwa ta ɗauki sandarta tana cewa ta bar wake a wuta.

A ranar ya ƙera zoben ƙarfe a madadin kabar, ya yi masa ɗan tudu a ƙota don kada ya fice. Danna wutsiya, tura zobe: motsi biyu, yatsa ɗaya. Jatau ya koma ruwa, wuƙa a wuya. Ita kuwa Iya Tabawa ba ta ɗauki abin a bakin komai ba, ba ta faɗa wa kowa ba, kuma daminar shekarar ba ta fita ba Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne.

Labarin wuƙa ya bazu. Sarkin Maƙeran garin ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya tara maƙera ya ce kowa ya kawo aikin da ya fi ji da shi, don ya zaɓi wanda zai gaje shi. Aka kawo takubba, aka kawo linzami. Tunau ya aro wuƙar, Jatau ya rako shi. Tsoho ya karɓa yana lalube da yatsu. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe, ya fi sau goma, ya manta da sauran kaya.

Ya ce, "Wutsiyar nan na gane ta, daga aska ka ɗauko. Amma zoben nan, shekara sittin ina ƙira ban taɓa cin karo da shi ba. Wanda kansa ya haifi wannan ya isa ya riƙe maƙera. Tunau, ina ka samo shi?"

Jama'a, wa ya gani? Ba kowa. Tsohuwa tana kabari. Ɗanta ma bai sani ba. Da Tunau ya ce, "Allah ne ya ba ni," an wuce wurin, kuma ba mai iya cewa ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri. Ya ji zuciyarsa tana so. Ai mutum ne, yana son girma kamar kowa.

Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙota tawa ce, ruwan wuƙa nawa ne. Zoben ba nawa ba ne. Marigayiya Iya Tabawa ce ta nuna mini da zaren kaba, daga ɗaurin tsintsiya. Ni ƙarfe kawai na mayar da shi."

Wuri ya fashe da dariya. Wani babban maƙeri ya ce, "Yanzu wanda tsohuwa ta koya wa ƙira da tsintsiya za a naɗa mana?" Surutu ya yi yawa. Sarkin Maƙera ya daɗe yana juya wuƙar, sannan ya miƙa wa mai ita.

Na san kuna jira in ce an ba shi sarautar. Ba a ba shi ba. Mai takobi aka naɗa. Tunau ya koma rumfarsa, ya ci gaba da gyaran lauje har ƙarshen ransa.

Amma da aka watse, Jatau ya bi shi har rumfa, ya zauna, hawaye yana zuba. Can ya ce, "Sau biyu zoben nan ya fitar da ni daga ruwa tun bayan rasuwarta. Ashe ita ce. Da ka yi shiru, da zan mutu ban sani ba." Ya tura zoben da yatsa, ya ce, "Allah ya jiƙan Iya." Tun daga ranar bai ƙara buɗe wuƙar nan ba sai ya yi mata addu'a.

To, 'yan'uwa, basirar mutum haƙƙinsa ce, kamar akuyarsa, kamar gonarsa. Wanda ya ci yabon da ba nasa ba, ya ci amana, ko da bakinsa bai furta ƙarya ba. Nawa ne a cikinmu matarsa ta ba shi shawara a ɗaki, ya fito majalisa ya ce shi ya yi tunani? Nawa ne na ƙasa da shi a wurin aiki ya warware matsala, shi ya kai wa shugaba da sunansa? Kowa a nan yana riƙe da wani abin da wani ya nuna masa. In mai shi yana raye, ka je ka faɗa a gabansa da gaban mutane. In ya riga mu gidan gaskiya, ka nemi 'ya'yansa ka faɗa musu, kada ka tare masa addu'ar da ta kamace shi.

Allah ya ba mu ikon kiran sunan mai abu, ko da za a yi mana dariya. Amin.